Majanyin da Wasilatu Ta Saƙa

Wasilatu ta fara saƙa majanyin tun cikin Yaya Bilqis yana wata biyar. Ba ta ce na jaririn ba ne, mu ma ba mu tambaya ba. Sau biyu Yaya tana ɓari kafin wannan cikin, saboda haka duk mun koyi kama bakinmu a kan abin da bai iso ba tukuna.

Kowace Juma'a take zuwa gidanmu a Old Airport, domin ita ce ranar hutunta. A ɗakin wanki da guga na wani otal take aiki a West Bay, tana kwana a masaukin ma'aikata, su huɗu a ɗaki ɗaya. 'Yar zangon Kumasi ce, ta kusa shekara arba'in, ba ta da kowa nata a Doha. Shekara huɗu da suka wuce ta shiga kantin maganin da Yaya take aiki a Al Mirqab tana neman man shafawa na ciwon baya, ta tarar Yaya tana yi mini faɗa a waya da Hausa. Ta tsaya har faɗan ya ƙare, sannan ta ce, “Sannu da aiki.” A lokacin ina Zariya. Da na zo Doha na sami aiki na zauna wurin Yaya, sai na tarar Wasilatu tana da kofinta a kicin da dardumarta a bayan ƙofa, kuma ita ce ta nuna mini inda ake ajiye gishiri.

A Hausarta babu mace babu namiji. “Ikhlas, ka ci abinci?” haka take tambayata. “Bilqis ya fita?” Mijin Yaya, Umar Faruq, yakan ce ita kaɗai ta mayar masa da gida barikin soja, ba mace ko ɗaya a ciki. Ita kuma takan ce, “Injiniya, yi shiru. Ku Hausarku ya cika kaya.”

Saƙar a wurin wata abokiyar aikinta ta koya, Rosenda, mutuniyar Guatemala, wadda ta koma ƙasarsu bara. Shekara biyu suna guga a teburi ɗaya, ba mai jin yaren 'yar'uwarta, sai ɗan Turanci da nuni da hannu. Masaƙar ba wani abin kallo ba ce. Sanduna ne shida ko bakwai da Wasilatu ta yanko daga sandunan goge ƙasa da suka karye a otal, ta kankare su har suka yi santsi. Takan ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen tagar falonmu, ɗaya gefen kuma a wata ɗamara mai faɗi da take zagayawa a ƙugunta, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. In ta ja baya zaren ya ɗame, in ta sunkuyo ya saki, sai ta zura na kwance ta buga shi da wani katako mai kama da takobi. Adon kuwa da tsinke take tsince shi, zare ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Jikin majanyin ja ne mai duhu. A kansa akwai 'yan gidaje masu kusurwa huɗu a jere, da karan masara da ganyensa, da wani tsuntsu mai kai biyu, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yamma.

Nakan zauna awa guda ina kallonta. Ban taɓa ganin aikin hannun da ya shiga raina haka ba. Sai na fara karanta labarinsa a waya lokacin cin abincin rana a ofis: mutanen da suka fara shi, garuruwan dutse da suka gina a tsakiyar daji, da yadda har yau matansu suke ɗaura masaƙar a ƙugu. Wasilatu ba ruwanta da duk wannan. “Aikin su Rosenda” take ce masa, shi ke nan. Ni ce na shigo da kalmar Maya gidanmu.

Yaya ta sauka lafiya a farkon Maris, 'ya mace. Bizar Mamanmu ba ta fito ba, sai mahaifiyar Umar Faruq, Hajiya Larai, ta zo daga Malumfashi don kula da mai jego. Tsohuwa ce mai tsafta da yawan addu'a, mai barkwanci in ta ga dama. Tun ranar farko ta mayar da ni Ihilasi, ta ce ba za ta karya harshenta a kan sunan yarinya ba. Ina son ta, amma ina jin nauyinta ƙwarai. Surukar yayata ce, ko ruwa zan miƙa mata sai na durƙusa.

Sunan ya faɗo ranar Lahadi, wadda ranar aiki ce a Doha, aka sa wa yarinyar Muhsina. Da la'asar, bayan an tashi aiki, falonmu ya cika da mata, ga hayaƙin turaren wuta, ga na'urar sanyi tana ta fama. Wasilatu ta roƙi canjin aiki ta zo. Ta warware majanyin a gaban mai jego, aka ɗauki guɗa, Yaya ta rufe fuska da shi tana hawaye. Wasilatu ba ta iya tsayawa a yabe ta ba, sai ta gudu kicin wurin suyar nama. Majanyin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya kai ga Hajiya.

Ta fara juya shi ta duba bayansa, yadda masu sanin saƙa suke yi.

“Kai, wannan hannu ya iya,” in ji ta. “Ko ƙulli ɗaya babu. Rabona da majanyin hannu tun rasuwar Innata.” Sai ta kai ga tsuntsun, ta ɗan karkata kai. “Ihilasi, zo nan. Wannan zanen na wane gari ne? Ba na Nupe ba ne, ba kuma na Yarbawa ba.”

Na durƙusa kusa da ita, ina murna an tambaye ni abin da na sani.

“Na Maya ne, Hajiya.”

Mata suna ta hayaniya, wata ta kunna waƙa a waya. Hajiya ta matso da kunnenta. “Na wa?”

“Maya.”

Hannunta ya tsaya a kan tsuntsun. “Ita ta gaya miki da bakinta?”

“A'a, ita ba ta faɗa. Ni na yi bincike na gano.”

“Ikon Allah. A ina ta samo shi?”

“Wurin wata mata da suka yi aiki tare. Su a wurinsu gado ne, Hajiya, daga uwa sai 'ya, tun kaka da kakanni. Ita kuma matar ce ta koya mata.”

Hajiya ta ajiye majanyin a kan kafet. Ta goge tafin hannunta a zaninta, ta sake gogewa. Ta ce, “Tashi ki je.” Leɓunanta suna motsi.

Na tashi ina jin daɗin kaina. Sai da na kai kicin ina jera gwangwanayen lemo a faranti, sannan kalmar ta dawo mini yadda ta shiga kunnen Hajiya. Maya. Mayya. Na mayya ne, gado ne, ita ba ta faɗa, ni na gano. Dariya ta kuɓuce mini. Wasilatu ta juyo daga bakin kasko da matsami a hannu.

“Me ya ba ka dariya?”

“Ba komai, Anti.”

Na ɗauki farantin na koma falo da niyyar gyarawa. Na tarar Hajiya ta karɓi Muhsina ta rungume ta a cinya, tana magana ƙasa-ƙasa da Anti Maimunat, matar wani likita da ke zaune a benen samanmu. Kafin in kai gare su sai na tsallake ƙafafun mata talatin, in durƙusa, in ɗaga murya sama da waƙar nan, in gaya wa tsohuwa a gaban mutane cewa kunnenta ya yi mata ƙarya. Na ce bari a watse.

Da aka watse Hajiya ta shige ɗaki da jaririyar. Washegari na nemi majanyin ban gan shi ba. Sai ranar Talata na same shi a baranda, an ƙulle shi a baƙar leda an tura bayan injin na'urar sanyi.

A ranar na gaya wa Yaya, bayan na dawo aiki, muna ninke kayan jaririya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa in bari kada ɗinkinta ya buɗe.

“Shi ya sa take ta tofa mana addu'a a ruwan wanka! Ke Ikhlas, wa ya aike ki? Ki ce mata na turawa ne mana, ki huta.”

“Yaya, ki gaya mata.”

“Ni? In je in ce wa uwar mijina ba ta ji daidai ba? Ke kika ɓata, ke za ki gyara.” Ta ninke wata 'yar riga. “Ko ma ki bari. Sati huɗu ya rage mata ta koma. In kin tayar da maganar yanzu sai ta zama magana.”

Wannan ya yi mini daɗi, domin abin da nake so in ji ke nan.

Ranar Laraba Muhsina ta fara kuka. Da rana lafiyarta ƙalau, amma da zarar an kira magariba sai ta ƙanƙame jiki ta yi ta tsala ihu awa biyu, ba nono ba jijjiga. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce iska ce a ciki, yawancin jarirai suna yi, zai wuce da kansa. Hajiya ta saurari bayanin da aka fassara mata, ta gyaɗa kai. Amma a mota ta tambayi Yaya, kamar ba da wata manufa ba, ko baƙuwar nan tana zuwa gidan lokacin da aka yi ɓarin farko.

“Tana zuwa, Hajiya. Ita ce ma ta kwana da ni a asibiti.”

“Na biyun fa?”

Yaya ta kalle ni, na kalli taga.

Washegari da safe na ɗaura niyya. Na haɗa wa Hajiya kunu na kai mata ɗaki, na durƙusa, na tsara maganar a raina tun daga farko har ƙarshe. Kafin in buɗe baki ta kama hannuna da hannuwanta biyu. Idanunta sun yi ja, da gani ba ta yi barci ba.

“Ihilasi, ban gode miki ba tun rannan. Da ba ki faɗa mini ba, da muna nan zaune cikin duhu har a cinye mini jika. Yaran yanzu ko sun gani ba sa faɗa, wai wayewa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari.”

Na ce, “Amin, Hajiya.”

Na ɗauki farantin na fito. Har yau in na tuna wannan amin ɗin sai in ji kamar in nutse.

Juma'ar farko Wasilatu ba ta zo ba, otal ya cika da baƙin wani taro an hana su hutu. Ta aiko mini da saƙon murya. “Ikhlas, ka gaishe mini da 'yata. An goya shi da majanyin? Ka ɗauka mini hoto.” Na rubuta mata cewa ba ta isa goyo ba tukuna. Gaskiya ce, amma na san abin da na ɓoye a bayanta. Da a nan na ce mata, Anti, an yi wani kuskure, kada ki zo sai na gyara, da ta yi dariya ta zage ni, da shi ke nan.

Juma'a ta biyu Umar Faruq yana bakin aiki a Ras Laffan, can nesa da gari, sai mu mata a gida. Bayan an sauko daga masallaci aka buga ƙofa. Wasilatu ce, da babbar kula a hannu, ƙamshin shinkafa da wake irin dafuwar Kumasi yana biye da ita.

“Salamu alaikum! Ina amaryar gida? Yalla, maza a kawo mini shi, kwana goma sha biyu ban gan shi ba.”

Ta ajiye kular ta nufi Hajiya da hannuwa a miƙe.

“Dakata nan,” in ji Hajiya.

Ta tashi ta shimfiɗa zani a tsakiyar falo, ta kwantar da Muhsina a kai, ta gyara mata hula. Sannan ta miƙe ta fuskanci Wasilatu. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baiwar Allah, ba faɗa nake nema ba, ba kuma tonon asiri. Mu huɗu ne a ɗakin nan. Ki tsallake ta sau uku, ki saki abin da kika riƙe, mu rabu lafiya.”

Ba wanda bai san ma'anar wannan ba. In an ce mayya ta kama kurwar yaro, sai ta tsallake shi take sakinta.

Wasilatu ta yi dariya, ta waiwayi Yaya da ke tsaye a ƙofar kicin. “Bilqis, Hajiya yana wasa da ni?”

“Hajiya, don Allah,” in ji Yaya. “Wallahi ba haka ba ne.”

“Ke yi mini shiru. Ciki biyu kika rasa a gidan nan, ba ki yi hankali ba.”

Na ga dariyar tana barin fuskar Wasilatu a hankali, daga ido zuwa baki. Ta dafa ƙirji.

“Ni? Ni maye ne?”

A nan ne bakina ya buɗe. “Hajiya, ba mayya na ce ba. Maya na ce. Sunan wasu mutane ne, ƙabila ce a wata ƙasa mai nisa, su ne masu irin wannan saƙar. Ba ki ji ni daidai ba ne.”

Hajiya ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Yau kuma? Kwana goma sha biyu kina ina? Na sa miki albarka a kan maganar nan kin ce amin. Sai yanzu da ta shigo ta dube ki bakinki ya juya?”

“Wallahi, Hajiya, bari in nuna miki.”

Na ciro waya na rubuta kalmar. Hotunan da suka fara fitowa na sassaƙen dutse ne, fuskoki masu buɗaɗɗen baki da manyan haƙora, da wani bango da aka jera siffar ƙoƙon kan mutane. Hajiya ta leƙa sau ɗaya ta kau da kai.

“A'uzu billahi. Wannan ce hujjar taki?”

Ina ta jan allon da yatsa ina neman hoton mace mai saƙa, sai na ji Wasilatu ta kira sunana.

“Ikhlas. Kai ne ka faɗa?”

“Anti, kuskure ne, ba abin da nake nufi…”

“Kai ne.”

Muhsina ta fara kuka a ƙasa, tana harba 'yan ƙafafunta. Yaya ta yunƙura za ta ɗauke ta, Hajiya ta tare ta da hannu. Wasilatu ta tsaya tana kallon jaririyar. Ban san tsawon lokacin ba, amma na ji ƙarar motoci a titi, na ji wani yana jan kujera a benen sama. Sai ta tattare bakin abayarta da hannu ɗaya.

“Bismillahi. Allah, kana gani.”

Ta ɗaga ƙafa sosai, kada ko bakin zaninta ya taɓa yarinyar, ta tsallake. Ta juyo ta sake. Ta yi na uku, ta tsaya ta ba mu baya.

“Ku ɗauke shi daga ƙasa,” in ji ta. “Abinci yana da zafi, ku ci.”

Ta sa takalminta a bakin ƙofa ta fita. Yaya ta bi ta da gudu ba ko mayafi, tana kiran Anti Wasila, Anti Wasila, amma Wasilatu ta sauka ta matakala ba ta waiwayo ba.

Bayan kwana huɗu Muhsina ta daina kukan magariba, kamar yadda likita ya faɗa. Hajiya ta yi sadaka da dabino. Da Umar Faruq ya dawo ya ji abin da ya faru, ya zauna a kujera ya riƙe kai, sannan ya shiga wurin mahaifiyarsa ya rufe ƙofa. Ya daɗe. Da ya fito sai ya ce, “Ta ce da yarinyar ba ta warke ba, da ta saurare ni.” Ya kira Wasilatu sau uku ba ta ɗauka ba. Ni bai ce mini komai ba, kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai da Hajiya ta koma Malumfashi sannan na iya zuwa. Ofishinmu ba shi da nisa da otal ɗin. Na fita da ƙarfe uku, lokacin hutunsu, na jira a inuwar bango kusa da ƙofar ma'aikata, inda motocin kaya suke tsayawa. Afrilu ya shiga, zafi ya fara. Ta fito cikin farin kayan aiki da kofin shayi na takarda, ta gan ni, ba ta yi mamaki ba.

“Ikhlas. Ya gida? Ya yarinya?”

“Lafiya lau, Anti. Ta yi ƙiba.”

“Alhamdu lillahi.”

Na ba ta labarin duka, tun daga tambayar Hajiya. Har na rubuta mata kalmomin biyu a waya, ɗaya a saman ɗaya, don ta ga bambancin. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta duba.

“Harafi ɗaya,” in ji ta. Ta miƙo mini. “Mu a wurinmu maye ne kawai, ko mace ko namiji. Da ka faɗi Maya sau ɗari a gabana ba zan ji komai ba.”

“Anti, ki yafe mini.”

Ta kurɓi shayin. “Hajiya tsoho ne, kunnensa ya ji abin da ya ji, yana tsoro don jikansa. Wannan ba komai. Amma ina so in tambaye ka. Ranar suna, da ka yi dariya a kicin, ka riga ka sani?”

“Eh.”

“Da na ce ka ɗauka mini hoto fa?”

“Na sani.”

Ta gyaɗa kai. Wata mota ta ja baya tana ƙara, muka matsa gefe.

“Maganar ya fita, ka sani? Ya wuce Old Airport. Ya zo har ɗakinmu. Sherifa, wanda gadonsa yake saman nawa, ɗan garinmu ne, shekara uku muna ci a kwano ɗaya. Da can kullum in ya yi waya da gida sai ya nuna mini yaransa, wannan ya yi haƙori, wannan ya shiga makaranta. Yanzu in na shigo sai ya kife wayar.”

Na ce, “Me ya sa kika tsallake, Anti? Da kin ƙi.”

“In na ƙi, wani abu ya sami yaron, ni ne. In na tsallake, ni ne. To yaro yana ƙasa yana kuka. Gara a ɗauke shi.” Ta matse kofin ta jefa a kwandon shara. “Kana so ka yi wani abu?”

“Ko mene ne.”

“Zauren matan nan na WhatsApp. Ka faɗa a can. Ba rubutu ba, rubutu kowa yana iya yi. Da muryarka, yadda ka gaya mini yanzu, har da dariyar kicin. Khalas, shi ke nan, lokacin hutuna ya cika.”

Ta nuna katinta ga mai gadi ta shige.

Zauren na matan Hausawa ne mazauna Doha, 'yan Najeriya da 'yan Gana, mu sittin da wani abu. Shekara biyu ina ciki ban taɓa aika komai ba sai amin da barka. Washegari da rana na shiga ɗakin taron ofis da ba kowa, na rufe ƙofa. Sau huɗu ina ɗauka ina gogewa. Na biyar ɗin ya yi minti uku da rabi, na faɗi komai: tambayar, amsar, kwana goma sha biyun, albarkar da na karɓa. Na ce Wasilatu ba ta taɓa yi wa gidanmu komai ba sai alheri, laifin nawa ne ni kaɗai. Na tura kafin in sake tunani.

Amsoshi suka fara shigowa. Wasu fuskokin dariya suka turo, da yawa. Wata ta rubuta, “Kai Hausa! Allah ya kyauta.” Wata malamar jami'a ta yi dogon bayani a kan illar camfi. Wata ta tambaya ko Wasilatu tana karɓar aikin majanyi, tana so ta ba ƙanwarta. Yaya ta rubuta cewa duk abin da na faɗa gaskiya ne, ita ma tana da nata laifin, Anti Wasila uwa ce a gidanta.

Sai Anti Maimunat ta rubuta, “Allah sarki. To amma dai yarinyar ta warke bayan tsallaken ko?”

Ba wanda ya ba ta amsa. Na rubuta cewa likita ya riga ya faɗa zai wuce da kansa, amma kafin in tura wata ta sa sanarwar walimar saukar karatu, aka koma yi mata barka. Na tura duk da haka. Mutum biyu suka sa alamar babban yatsa a kai.

Da yamma ina cikin jirgin ƙasa zuwa gida saƙon Wasilatu ya shigo, ni kaɗai ta aiko wa.

“Na ji. Muryarka ya yi ƙasa, amma na ji. Na gode.”

Na rubuta mata cewa Hajiya ta tafi, Yaya tana ta tambayarta, Muhsina ta fara murmushi. Na ce ko za ta zo ranar Juma'a, ko mu mu zo mu ɗauke ta.

Sai da na sauka na kusa gida amsar ta zo.

“Juma'a ina aiki yanzu. Na roƙi a mayar mini da hutuna Talata.”

Ranar Talata Yaya tana kanti tun safe, ni ina ofis, Muhsina tana gidan raino. Wasilatu ta san haka, domin ita ce ta taya Yaya tsara ranakun tun kafin haihuwa. Na tsaya a bakin ƙofar gidanmu na rubuta mata, “To Anti, Allah ya kai mu.” Ta karanta, ba ta sake cewa komai ba.